Wa Ke Magana a Takardar Wurno? Tarken Yarjejeniyar 1885

A ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 1885, a garin Wurno, wani matashin Bature ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Joseph Thomson ya sami abin da ya ratso kogi da daji dominsa. Takarda ce 'yar gajera mai sassa kaɗan, kowanne da lambarsa, ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Bayan kwana goma sha biyu ya sami 'yar'uwarta a Gwandu da sunan Sarki Maliki. Thomson ɗan aike ne na kamfanin cinikin George Goldie, wanda a lokacin ake kira National African Company, kafin gwamnatin Ingila ta ba shi izinin mulki a 1886 ya zama Kamfanin Neja. Sauri yake yi, domin wata uku ke nan da watsewar taron Balin, ga kuma Jamusawa sun taso da tasu tawagar ƙarƙashin Eduard Flegel suna nufin wannan fada.

Abin da matanin Ingilishi na takardar ya ƙunsa shi ne, Sarkin Musulmi, da shawarar majalisarsa, ya miƙa wa kamfanin dukkan haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓa biyu na kogin Binuwai da rafukan da ke zuba cikinsa, har iyakar nisan da kamfanin ya ga dama. Cikin baƙi, kamfanin kaɗai ke da ikon ciniki da haƙar ma'adinai irin su darma da tozali. Duk baƙon da ya biyo kogi ba za a yi hulɗa da shi ba sai ta hannun kamfanin. Alkawarin ya hau kan magada har abada, ba a sauya shi, ba a janye shi. Shi kuwa kamfanin zai riƙa kawo kayan da darajarsu ta kai jakar wuri 3,000 duk shekara, Gwandu kuma 2,000.

Masana tarihi sun daɗe suna juya wannan takarda, musamman R. A. Adeleye a littafinsa na 1971 kan mulki da huldar jakadanci a Arewa. Mu ɗaliban adabi mun bar musu ita, kamar ba abin da ya haɗa mu. Alhali kuwa matani ce, tana da wanda ya riƙe alƙalami, da wanda aka sa wa magana a baki, da wanda ake nufi ya karanta, tana da zubi da salo. Tambayoyin da muke yi wa ƙagaggen labari a aji su ne take bukata, kuma ta farkonsu ita ce: wa ke magana?

Takardar da lamirin mutum na farko ta zo. "Ni, Umaru," in ji ta, sannan ta kira shi sarkin Musulmin Sudan. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar ya san cewa wani Umar ɗin ma da "ni" yake ba da labarinsa, amma alƙalamin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Aku ne ke sa Musa hira a Magana Jari Ce, amma ba wanda ya taɓa yaba wa aku da iya rubutu. Mai ba da labari daban, mawallafi daban, wannan shi ne karatun farko na tarke. Hanyar gane ko muryar da ke cikin matani ta mai ita ce ko ta aro, ita ce a ɗora ta kusa da inda aka tabbata shi ne ya yi magana. A nan ba mu rasa abin gwaji ba, domin fadar Sakkwato fada ce mai rubutu. Wasiƙunta da Larabci ake yin su, ta hannun gidan Waziri, zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima, kuma suna da tsarin da ba ya ɓuya: hatimi, da basmala, da godiya ga Allah da salati ga Annabi, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa gwargwadon matsayin wanda ake rubuta wa, sai "bayan haka", sannan maganar, a rufe da sallama. A. D. H. Bivar ya yi nazarin wannan tsari da hatiman sarakunan tun 1959. Wanda ya saba da irin waɗannan wasiƙu, idan ya buɗe takardar Thomson, inda yake jiran basmala sai ya ci karo da batun amfanin juna tsakanin sarki da 'yan kasuwa. Inda yake jiran gaisuwa sai ya ga sunan kamfani cikakke, har da kalmar nan ta dokar Landan mai nuna iyakar bashin da ke kan masu hannun jari. Kalmomin ƙarshe, masu cewa ba sauyi ba janyewa har abada, numfashin lauya ne mai tsoron ƙara. Sarkin Musulmi bai saba ɗaure gobe da irin wannan igiya ba tare da ya ambaci Mai goben ba.

Ba ina cewa takardar jabu ce ba. An yi zaman, an karɓi kyauta, an sallami baƙo cikin mutunci. Abin da nake cewa shi ne, Umarun da ke cikin matanin Ingilishi tauraro ne da wani marubuci ya gina, ya ara masa suna da sarauta, ya sa masa maganar da masu karatu a Turai ke son ji. Thomson a gabashin Afirka ya yi suna, a ƙasar Masai, kuma da tafinta ya dogara a Wurno. Tsakanin bakinsa da kunnen sarki akwai aƙalla mutum guda wanda abincinsa ya rataya a kan ganin an rabu lafiya. Tafinta irin wannan ba ya ƙara wa magana gishiri, rage mata yaji yake yi.

To me sarki ya ji? A nan sai an koma ga kalmomi. A Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, ba manomin da zai rikita aron gona da hayarta, ko ya rikita jingina da sayarwa. Kowacce da sunanta, da shaidunta, da abin da ke warware ta. Wanda aka ba aro yana noma yana ci, amma ba ya dasa itace mai daɗewa sai da izini, domin an san itace na iya zama hujjar mallaka wata rana. Al'ummar da ta tsefe hulɗar mutum da ƙasa haka, da wuya a ce sarkinta ya kyautar da gaɓar kogi mai tsawon tafiyar makonni bai san abin da ya yi ba. Ga kuma shari'a. A mazhabar Malikiyya, ƙasar da aka ci da yaƙi wakafi ce ga Musulmi baki ɗaya, shugaba mai kula ne da ita, yana iya ba da wurin zama ko na noma, amma asalinta ba nasa ba ne balle ya sayar. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake samun haƙƙi a ƙasar da ba mai ita. Malaman da ke zaune a majalisar Umaru da irin waɗannan littattafai suka tashi. Abin da fiƙihunsu ya tanadar wa baƙo wanda ba Musulmi ba, mai neman ciniki, shi ne amana: ya shigo, a kare ransa da dukiyarsa, ya saya ya sayar, ya bi dokar gari. Kuma akwai misali a cikin gidan. A 1853 Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya karɓi takardar aminci ga fataken Ingila daga hannun Aliyu Babba, mahaifin Umaru. Idan bayan shekara talatin da biyu wani Bature ya zo da kaya yana neman takarda, mafi kusa ga hankali shi ne fada ta ɗauke shi a matsayin mai neman sabunta abin da aka yi wa na farko.

Jakar wuri 3,000 ɗin nan ita ce wurin da ma'ana biyu suka fi fitowa fili. A Landan farashi ce, kuma wanda ya biya farashi ya mallaki kaya. A Wurno kuwa, wanda ke aiko da kaya duk shekara shi ne na ƙasa. Kano na aikowa, Zazzau na aikowa, Katsina ƙarƙashin Sarki Musa na aikowa. Sunan abin gaisuwa. Saboda haka jimla guda ta sa kowane ɓangare ya tashi daga zaman yana ganin shi ne uban gida. A ƙagaggen labari, irin wannan harshen damo gwaninta ce da ake yaba wa marubuci a kanta. A nan ƙasa ce ta tafi a cikinsa.

Halin da ɓangarorin biyu suka nuna daga baya ya isa sharhi a kan matanin. Watanni kaɗan bayan tafiyar Thomson, Bajamushe Paul Staudinger ya iso fadar, kuma ya ruwaito a littafin tafiyarsa cewa sarki ya musanta ba Ingilishi ƙasa ko keɓe musu ciniki. Za a iya cewa Bajamushe abokin takara ne, abin da yake so ya ji shi ya rubuta. To, a watan Oktoba na 1891 Bafaranshe Monteil ya zo Sakkwato, shi ma ya fita da tasa takardar daga Sarkin Musulmi Abdurrahman. Fadar da ta san ta sayar ba za ta sake ba wani ba da rana tsaka, amma fadar da ke ba da amana tana iya ba baƙo goma, ba ta saɓa wa ko ɗaya ba. Shi kansa kamfanin ya fallasa shakkarsa, domin ya sake aikowa a 1890, ya kuma aiko William Wallace a 1894, kowane zuwa da sabuwar takarda mai ƙara faɗaɗa ikonsa. Wanda ya sayi gona har abada ba ya komawa wurin mai ita sau biyu neman sa hannu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a aikin kamfanin. Yana da bugaggun takardu da aka bar gurbin sunan gari da na sarki, wakilinsa na cikewa a bakin kogi, a samu wanda zai dangwala alama, tafinta ya shaida cewa ya fassara komai. Ɗaruruwan irinsu aka tara, kuma Edward Hertslet ya buga samfurinsu a kundinsa The Map of Africa by Treaty. A 1894 Lugga da kansa, yana yi wa kamfanin aiki, ya riga Faransawa isa Nikki a ƙasar Borgu ya karɓo takarda ba tare da ya ga fuskar sarkin ba. Matanin da aka rubuta tun kafin a san wanda zai faɗe shi, ai wasan kwaikwayo ne da ke jiran ɗan wasa.

Wanda aka rubuta takardar Wurno dominsa ba ya Wurno. Yana ofishin harkokin waje a Landan da Faris da Balin, kuma a can ta yi aikinta. Ranar 5 ga Agusta, 1890, Ingila da Faransa suka amince da layin da ya tashi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, bisa sharaɗin cewa duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗo ɓangaren kamfanin. Hujjar Ingila ita ce takardun Thomson. An yi ta jan layin ana gyarawa a 1898 da 1904 da 1906, har ya tsaya inda ya bar Katsina a hannun Ingilishi, Maraɗi a hannun Faransawa, 'yan ɗaki ɗaya kowa da harshen makarantarsa. Abin lura ga mai tarke shi ne nisan da ke tsakanin abin da matanin ya faɗa da abin da aka sa shi ya ɗauka. Ƙasar da ya ambata ita ce gaɓar Binuwai. Ruwan da ke sauka a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba Binuwai yake nufa ba, kuma ba wani basaraken wannan yanki da aka tambaya. Duk da haka, ta wannan ƙofa aka shigar da su taswirar Ingila shekara goma sha uku kafin sojanta ya taka Katsina. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai a nan mai sayen ne ya ƙi a sauko da birin.

Domin a ga abin da kwafi ke iya yi, yana da kyau a leƙa wata ƙasa mai nisa da ta sha irin wannan takarda daga hannun Ingila. A tsibiran Niyu Zilan, ranar 6 ga Fabrairu, 1840, wakilin Sarauniya William Hobson ya zauna da sarakunan Maori a wani wuri da ake kira Waitangi. Da Ingilishi aka tsara yarjejeniyar, wani ɗan mishan, Henry Williams, da ɗansa Edward suka juya ta zuwa harshen Maori cikin dare ɗaya. Matanin Ingilishi ya ce sarakunan sun miƙa mulki ɗungurungum. Na Maori ya ce sun ba Sarauniya kawanatanga, kalmar da aka ƙera daga yadda suke furta "gwamna", kamar yadda mu ma muka samo gwamnati, sannan ya tabbatar musu da tino rangatiratanga, wato cikakkiyar sarautarsu a kan ƙasarsu da garuruwansu da duk abin da suke ɗauka da daraja. Harshen damo ne irin na Wurno. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. An yi kwafe-kwafe aka zaga da su tsibiran har watan Satumba, sarakuna fiye da 500 suka sa hannu, har da mata. Waɗansu sun rubuta suna, waɗansu sun zana wani yanki na tsagar fuskarsu, wadda a wurinsu ta fi suna tabbatar da mutum, kamar yadda a da ake gane Bagobiri tun kafin ya buɗe baki. Takardu tara suka tsira. Takwas da harshen Maori suke, ɗaya ce tak da Ingilishi, kuma mutum 39 kawai suka sa hannu a kanta.

Waɗannan takardu ba su ga gata ba. Da ƙyar aka fitar da su daga gobara a 1841. A 1877 babban alƙalin ƙasar, James Prendergast, ya yanke cewa yarjejeniyar ba ta da wani ƙarfi a shari'a. A 1908 aka tarar da su a ɗakin ƙasa na ginin gwamnati a Wellington, ruwa ya ɓata su, ɓeraye sun ci gefen fatar. Ba su hana yaƙe-yaƙen shekarun 1860 ba, ba su hana Maori rasa mafi yawan ƙasarsu ba. Hone Heke, wanda ake lissafawa farkon mai sa hannu, shi ne bayan shekara huɗu ya fara sare sandar tutar Ingila. Amma da yake matanin da kakanni suka ji da kunnensu ya tsira da harshensu, jikoki sun sami abin nunawa da yatsa. A 1972 wata masaniyar tarihi, Ruth Ross, ta yi abin da kowane mai tarke zai gane: ta jera matanin biyu kalma da kalma, ta nuna cewa wanda aka sa wa hannu shi ne na Maori. A 1975 aka kafa kotun sauraron koke-koken Waitangi, a 1985 aka ba ta ikon komawa har 1840, a 1995 Sarauniya Elizabeth ta sa hannu da kanta a kan dokar da ta nemi gafarar mutanen Waikato, a 2014 kuma kotun ta bayyana cewa sarakunan arewacin ƙasar da suka sa hannu a Fabrairun 1840 ba su miƙa mulkinsu ba. Shekara 174 kafin a yarda da abin da ke rubuce tun daren farko.

Kada kwatancen ya ruɗe mu, domin ciwon ba iri ɗaya ba ne. Turawa sun je Niyu Zilan su zauna, nan kuwa sun zo su yi mulki su kwashi amfani. Kuma yawan hannayen da ke kan takardun Waitangi yana tona wani abu game da tamu. Can sai da aka bi kowane dangi, domin ba wanda ke da ikon magana da bakin wani, har waɗansu manya irin su Te Wherowhero suka ƙi, aka kuma san sun ƙi. Nan hatimi ɗaya aka nema a Wurno, ɗaya a Gwandu. Tsarin da ya ba daular ƙarfi shi ne ya sauƙaƙa wa kamfanin aiki. Akwai kuma waɗanda ba su da murya a ko wanne karatu na matanin. Gaɓar Binuwai cike take da al'ummu, irin su Tibi da Jukun, waɗanda da yawansu ba su taɓa yi wa Sakkwato mubaya'a ba, waɗansu ma ta hanyar harin bayi kawai suka san ta. Ko da Umaru ya faɗi duk abin da aka sa masa a baki, kyauta ya yi da abin da rabinsa ba nasa ba. Tarken da ya tsaya a wanke sarki ya manta da su, ya koma kirari. Tambayar nan ta wa ya yi alkawari, a madadin wa, da wane harshe, kuma a hannun wa takardar take, ba ta tsufa ba a yankinmu. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun ga sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2019, sun kuma ga yadda ya watse, kuma su ne waɗanda aka yi maganar a kan gonakinsu.

Yadda aka kashe yarjejeniyar ma darasi ne na matani. Kamfanin da ke kiran kansa aminin Sarkin Musulmi shi ne ya kai wa Bida da Ilori yaƙi a 1897. Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannunsa a Lakwaja, ta biya shi fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Darma da tozalin nan na sashe na biyu ba ado ba ne. Daga nan Kwantagora da Bida da Yola da Bauchi suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Sai Lugga ya bayyana cewa wajen watan Mayu na 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, mai cewa ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Ingilishi ta wannan wasiƙa ita ce ta shiga rahotonsa, ta zama hujjar tafiya Kano da Sakkwato. D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne a Arewa, ya bi sawun asalinta na Larabci bai same shi ba, kuma a littafinsa Concerning Brave Captains na 1964 ya tuhumi yadda aka fassara ta da yadda aka yi amfani da ita. Waɗansu na ganin zafinta bai saɓa wa halin mutumin da ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko ba, kuma sarkin da aka cinye masa garuruwa huɗu yana da dalilin fushi. Ko ma wanne ne, siffar abin ita ce dai ta 1885: Sarkin Musulmi na magana da Ingilishi, da "ni", a daidai lokacin da ake bukatar ya faɗi wannan maganar. Da muryar aro aka ɗaura alkawarin, da ita kuma aka kwance shi.

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Kafin mako ya zagayo Lugga ya tara manyan gari ya shaida musu cewa tsofaffin alkawura sun mutu, kuma su ne suka kashe su. Ya ce Fulani da takobi suka sami ƙasar a zamanin Shehu, yanzu da takobi ta koma hannun Ingila, har da ikon naɗa sarki da cire shi, da haraji, da ƙasa, da ma'adinai. A wannan jawabi ya yi wa takardar Thomson tarken da ya fi na kowa tsanani ba tare da ya nufa ba. Da a ce an miƙa ƙasa a 1885, ba sai an kafa hujja da cin yaƙi a 1903 ba. Hobson ma haka ya yi: a watan Mayu na 1840, ana tsakiyar zagayawa da kwafe-kwafe, ya shelanta mulkin Sarauniya a kan tsibiran duka, na kudu ma da hujjar wai su suka gano shi.

Muryar mutanen ƙasar ba ta ɓace ba, a wasu takardun take. Da sojan Ingila suka shiga Sakkwato sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927 da sunan The Occupation of Hausaland. Littafi ne mai amfani, amma sai an karanta shi da ido biyu, domin jami'in mulkin da ya ci ƙasar ne ya zaɓa, ya jera, ya fassara, ya kuma raɗa wa abin suna mai sanyi kamar an shiga kangon da ba kowa. Duk da haka, ta cikin Ingilishinsa ana jin mutane masu rai: Lamiɗo Zubairu bayan faɗuwar Yola, Sarkin Kano Alu yana auna batun hijira, sarakuna na kai rahoton motsin Nasara suna jiran umarni. Ba mai magana a cikinsu kamar wanda ya san an riga an sayar da ƙasar. A can Kete Karachi, a ƙasar Gana ta yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, inda ya nuna yadda suka fara shigowa da taushin baki da sunan ciniki kafin su juye. Wannan shi ne karatun da malamin zaure ya yi wa irin takardar Wurno tun tawadarta ba ta gama bushewa ba.

Wanda ke son jin yadda "ni" ta gaskiya take a bakin babban mutumin Sakkwato, ya nemi risalar da Waziri Buhari ya rubuta zuwa ga ma'abota ilimi da tunani bayan faɗuwar birnin. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, tafiyar da ta ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Buhari ya tsaya, ya koma gari, ya yi sulhu da waɗanda suka ci su. A cikin risalar yana bayyana dalilinsa, yana faɗin tsoron da ya kama shi kada ya zama ya sayar da addininsa, yana neman fatawar malamai, yana kawo hujjar halaccin lallashin mai ƙarfi da baki domin a tsirar da jama'a, kuma ko bayan an ba shi amsa ana jin zuciyarsa ba ta gama kwanciya ba. Jimlolinsa na kai da komowa, suna jingina da aya, suna neman mafita. Umarun Thomson bai yi shakka ko sau ɗaya ba, bai nemi fatawar kowa ba, cikin layi kaɗan ya ba da kogi da rassansa har abada. Adeleye ya yi nazarin risalar a 1968. Ɗan Buhari, Junaidu, wanda aka haifa shekara uku bayan yaƙin Giginya, shi ne ya riƙe wazirci daga baya ya kuma tattara takardun gidan, kuma a wurinsa Murray Last ya zauna a farkon shekarun 1960 yana karanta su da Larabcinsu.